Ɗana ba ya cin komai sai farin abinci: shin maganar launuka gaskiya ce?

"Assalamu alaikum. Ni uwa ce a nan Makka, yarana biyu, namiji ɗan shekara huɗu da mace 'yar shekara biyu. Babban ba ya cin komai sai farar shinkafa, tamis (gurasar tanderu) da cuku, soyayyen dankali da soyayyar kazar burost. In ya ga ɗigon kore a abinci sai ya tsince, ko ya ture farantin gaba ɗaya. Ablarsu ta rauda, wato malamarsu ta makarantar ƙananan yara, ta aiko da takarda wai a riƙa ba yara abinci mai launin bakan gizo kullum. Na yi lallashi, na yi tsawa, har alkawarin alawa na yi masa, duk a banza. Yanzu ƙanwar ta fara kwaikwayonsa. Shin maganar launin nan tana da tushe ko wasan makaranta ne? Kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Tambayarki biyu ce a haɗe: ko launin abinci yana da alaƙa da amfaninsa a jiki, da kuma yadda za ki shawo kan yaron da ya kafe a kan abinci huɗu. Na daɗe ina aikin ba iyaye mata shawarar abincin yara a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a nan Hijaz, kuma da wuya mako ya wuce ban ji wannan kukan ba. Bahausa ta kawo shi, Balarabiya ta kawo shi, 'yar Indonesiya ma haka. Ba sakacinki ba ne, kuma ba taurin kai ne ya fi yawa a ciki ba.

Abin da ya sa yake ture farantin

Tsakanin shekara 2 zuwa 6 yawancin yara suna shiga wani lokaci na ɗari-ɗari da duk abincin da ba su saba da shi ba. A daidai wannan lokacin ne kuma girman jiki ke lafawa. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku a shekarar farko, amma bayan shekara biyu abin da yaro ke ƙarawa bai wuce kamar kilo 2 a shekara ba. Cin sa ya ragu, zaɓensa ya ƙaru, uwa kuma tana auna shi da yadda yake ci a da, sai hankalinta ya tashi.

Akwai kuma maganar harshe. An haifi ɗan Adam da son zaƙi, kuma yaro ya fi babba jin ɗaci. Jarjir ɗin, ganyen salak ɗin nan mai ɗan ɗaci, da kike ci da daɗi, a bakinsa wani abu ne daban. Sannan ki lura da abinci huɗun da kika lissafa: kullum ɗanɗanonsu ɗaya ne. Soyayyen dankalin yau shi ne na jiya. Tumatir kuwa yau zaƙi, gobe tsami, jibi ya yi laushi. Yaro yana gudun abin da ba ya iya hasashe, shi ya sa yake maƙale wa fari da soyayye.

Wata masaniya Ba'amurkiya, Leann Birch, ta shafe shekaru tana binciken yadda yara ke koyon cin abinci, kuma abu biyu daga aikinta na ga gaskiyarsu da idona. Na farko, yaro yana buƙatar a gabatar masa da sabon abinci sau da yawa kafin ya karɓa, galibi sau 8 zuwa 15. Mu kuwa daga na uku mun yanke hukunci cewa "ba ya so". Na biyu, idan aka ce masa "ci wannan in ba ka alawa", abin da ya koya shi ne alawa ce mai daraja, ganye kuma wahala ce da ake biyan mutum kafin ya sha. Don haka alkawarin alawar nan ki janye shi daga yau, duk da na san da kyakkyawar niyya kika yi.

Launin yana da tushe

Abla ba ta yi kuskure ba. Allah maɗaukaki ya ambata a Suratu Faɗir, aya ta 27, cewa ya saukar da ruwa daga sama, ya fitar da 'ya'yan itatuwa masu launuka mabambanta. Launin kowane tsiro yana fitowa ne daga sinadaran da ke cikinsa, kuma da yawansu jiki yana amfana da su.

Wanda na fi damuwa da shi ga yara shi ne launin ruwan lemo da ruwan ɗorawa: karas, kabewa, mangwaro, gwanda, dankalin Hausa mai jan ciki, da manja. Sinadarin da ya ba su wannan launi, bita-karotin, jiki yana mayar da shi bitamin A, wanda ido da fata da garkuwar jiki ke dogara da shi. Dundumin da iyayenmu suka sani, yaro ya daina gani da zarar magariba ta yi, rashin wannan bitamin ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, jiki ba ya zuƙe shi sosai sai da ɗan mai. Shi ya sa miyar taushe, da kabewarta da gyaɗarta da manjanta, ta fi ɗanyen karas da aka tauna shi kaɗai. Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma haɗin da suka yi daidai yake.

Kore shi ne na biyu. Alayyafo, zogale, lalo wanda a nan ake kira mulukiyya, kuɓewa, kuka, jarjir. Ganye mai duhun kore yana ɗauke da folet da bitamin K da ɗan sinadarin ƙarfe, kuma akwai wancan karotin ɗin a ciki, koren ne kawai ya rufe shi. A nan ina da roƙo ɗaya ga matanmu: a rage kanwa a miyar ganye. Tana riƙe koren, tana sa yauƙi, amma tana lalata bitamin C da B1. Haka nan dahuwar da ta wuce kima har ganye ya koma ruwan ƙasa.

Ja kuma na tumatir da kankana, habhab ɗinmu na Hijaz, da jar gwaiba, sinadarin laikofin ne, kuma shi dafa tumatir da mai ƙara fito da shi yake yi. Tattasai ja ya fi lemon zaƙi bitamin C idan aka auna su nauyi ɗaya. Shunayya da ja mai duhu, na baƙin inabi, rumman, jan kabeji, ɓawon bazinjan (baƙin yalo) da zoɓo, wani dangin sinadari ne daban mai suna antosayanin. Ba zan ce miki kowane launi maganin wata cuta ba ne, domin masu tallan lafiya a Facebook da TikTok sun wuce gona da iri a nan. Abin da ya tabbata shi ne, yaron da ke cin launuka da yawa yana cin tsirrai iri-iri, kuma wanda ke cin iri-iri da wuya wani sinadari ya kuɓuce masa. Launi hanya ce ta tunawa, ga uwa mai aiki da yawa da yaron da bai iya karatu ba.

Idan kina son adadi, Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2023 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, ɗan 6 zuwa 9 giram 350, daga 10 zuwa sama giram 400. Kada ki nemi sikeli. Ki ɗauki cikin tafin hannun yaron a matsayin mudu, ki nufi cikinsa kamar sau biyar a wuni, a rarrabe. Wannan inda za a je ne, ba inda za a fara ba.

Inda launi ke yaudara

Wurare biyu ne, kuma takardar makaranta ba kasafai take faɗar su ba.

Na farko, abinci mafi muhimmanci ga ƙaramin yaro wasunsu ba su da wani launi mai jan ido: ƙwai, madara da zabadi (kindirmo), wake, adas (ƙananan dangin wake), kifi, nama, hanta. Matsalar da na fi cin karo da ita a aikina ba rashin bitamin C ba ce, ƙarancin jini ne, kuma kankana da inabi ba sa magance shi. Sinadarin ƙarfen da ke cikin nama da hanta ya fi saurin shiga jiki. Na wake da ganye yana buƙatar taimako, kuma a nan ne launi ke yin aikinsa: a matsa lemon tsami a kan ful (waken nan mai faɗi) ko adas, a yanka tumatir a kai, bitamin C ɗin zai taimaka wa ƙarfen ya shiga. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tare shi. Na san yadda muke da shayi, daga gida har nan, amma yaron da ke karyawa da tamis da shayi kullum ana rage masa jini ba a sani ba. A raba shayi da lokacin abinci, in da hali ma a bar ƙananan yara da ruwa da madara. Ita ma madarar ba a son ta wuce kamar kofi biyu a rana, rabin lita ke nan, domin tana cika ciki kuma ƙarfenta kaɗan ne. Farin abinci ba abokin gaba ba ne. Salik, shinkafar da ake dafawa da madara da romon kaza, abinci ne mai kyau, abokan tafiya kawai yake nema.

Na biyu, launin baƙala, wato shagon unguwa. Ki shiga kowace baƙala a unguwa ki duba daidai tsayin idon yaro: ja, kore, shuɗi, duk bakan gizon yana nan a leda da kwalba. Wata uwa ta taɓa ce min da zuciya ɗaya ɗanta yana shan launi uku kullum, ashe jus ɗin kwali take nufi. Wannan rini ne da sukari. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Sawsamton ta Ingila a 2007 ya nuna cewa wasu rinunan abinci na iya ƙara wa wasu yara rashin natsuwa, kuma tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a kan kayan da ke ɗauke da guda shida daga cikinsu, irin su E102 da E110 da E129. Tasirin ba babba ba ne, kuma ba kowane yaro yake shafa ba. Sukarin ne ya fi tayar min da hankali, saboda haƙori da ƙiba da kashe cin abinci. Hukumomin ƙasar nan ma sun gani, shi ya sa a 2017 aka ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba mai gas, da kashi 100 a kan abin sha mai ƙara kuzari. Ko jus ɗin da aka matse daga ɗan itace na gaske, likitocin yara na Amurka sun ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya, kuma ɗan 1 zuwa 3 kada ya wuce mililita 120 a rana. Ba shi lemon ya ɓare ya ci da zarensa ya fi.

Saboda haka darasin farko da za ki koya masa mai sauƙi ne: akwai launin da Allah ya sa a cikin abu, akwai wanda aka zuba a masana'anta. Ɗan shekara huɗu yana gane wannan sarai.

Ta inda za ki fara

Ki fara da ajiye faɗa. Akwai wata ƙa'ida da masaniyar abinci Ellyn Satter ta tsara, kuma ita nake ba kowace uwa: ke ce mai yanke abin da za a ci, da lokacin, da wurin, shi kuma yaro shi ne mai yanke ko zai ci da kuma yawan da zai ci. Da farko iyaye mata sukan ce min ai sai yunwa ta kashe shi. Yaro mai lafiya ba ya kashe kansa da yunwa a gaban abinci, muddin ba a cika masa ciki da biskit da jus tsakanin abinci ba. Ki tsayar da lokuta: ci uku manya, biyu ƙanana, tsakaninsu ruwa kawai. A kowace sufura, wato shimfiɗar cin abinci, ki ajiye abu ɗaya da kin san zai ci, ko shinkafar ce ko tamis, sannan a gefe ɗan sabon abu kamar cokali ɗaya. Kada ki ce ci. Kada ki zuba masa ido. In ya bari, ki ɗauke ba tare da ɓata rai ba, ki sake kawowa bayan kwana biyu.

Muna da abin koyi a nan. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Ki koya wa yaron wannan ladabin: an yarda ya bari, ba a yarda ya ce ƙazanta ne ko ya ture faranti ba. Kuma Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Annabi hidima tun yana yaro, ya ba da labarin yadda ya gan shi yana bin yankan dubba'u, dangin kabewa, a gefen akushi, ya ce tun daga ranar bai gushe yana son ta ba. Ki duba da kyau, ba wanda ya umarci Anas. Gani ya yi wanda yake ƙauna yana ci. Wannan ya fi duk wata dabara da zan ba ki, kuma shi ya sa nake cewa a zauna sufura ɗaya, a kashe talabijin, a ajiye waya. In maigida yana tsince ganye daga nasa farantin, aikinki ya ninku, don haka ki zauna da shi ku yi magana tun kafin ki fara. Haka Hajiya ko gwaggo in suna gidan, a roƙe su cikin ladabi su mayar da tsarabar alawa ta koma dabino ko ayaba.

Daga nan sai ki gina gada daga abin da ya sani. Mai son farar shinkafa, ki sa masa cokali ɗaya na shinkafar bukhari a gefe, ga karas ga zabibi a ciki, ko ɗan daƙƙus, miyar tumatir ɗin nan, marar yaji a ƙaramin kwano ya riƙa dangwalawa. Yara suna son dangwale ƙwarai. Mai son soyayyen dankali, ki yanka dankalin Hausa mai jan ciki da tsayi irin yankan da ya saba, ki gasa da ɗan mai, ki haɗa da nasa. Mai son tamis da cuku, ki jera masa siraran kokwamba a gefe. Ya zo a hadisi cewa Annabi yana haɗa kokwamba da ɗanyen dabino, kuma na ga yara da dama sun karɓi kokwamba ta wannan hanyar, zaƙin dabinon ya yi mata jagora. Markaɗa kabewa ko karas a cikin miya ko shorba ba laifi ba ne, jiki zai amfana, sai dai ba ya koya wa yaro komai tunda bai gani ba. Ki yi duka biyun, na ɓoye da na fili. In ya tambaye ki me ke ciki, ki faɗa masa gaskiya.

Koyarwar launi kanta ta fi tafiya a wajen lokacin cin abinci, inda ba wanda ke jiran ya haɗiye. Ku je halaƙar Ka'akiyya, wato kasuwar kayan lambu, tare, ko wurin mai kayan miya na unguwa, ki ce yau kai za ka zaɓo mana ja ɗaya da kore ɗaya. A gida ya wanke, ya tsinke ganyen zogale daga itacensa, ya ɓare rumman ɗin Ɗa'if a cikin kwanon ruwa. Taɓawa da shinshinawa ma suna taimaka masa ya saba da abin. Akwai wani wasa da nake nuna wa iyaye, kuma ban taɓa ganin yaron da bai buɗe baki ba: ki jiƙa zoɓo, karkade ke nan, ki raba a kofi biyu na gilashi. Ɗaya ya matsa lemon tsami, zai ga jan ya ƙara haske. Ɗayan ki ɗiga ruwan kanwa, zai ga ya yi duhu ya juya zuwa shuɗi-kore. Na kanwar a zubar, na lemon a sa ɗan zaƙi kaɗan a sha. Daga ranar ya san launi abu ne mai rai a cikin tsiro.

Akwatin fusha na rauda kuma, abincin da yake tafiya da shi makaranta, launi biyu sun isa, kuma ya zama abin da ya riga ya karɓa a gida. Batun kuɗi, ki bi kaka: mangwaron Jazan in ya shigo, kankana da inabi lokacin zafi, lemon zaƙi lokacin sanyi, karas da kabeji kusan kullum da araha. Daskararren ganye na firiza yana riƙe yawancin amfaninsa, haka busasshen zogale da kukar da alhazai ke zuwa mana da su daga gida.

Ƙaramar ita ce damarki babba, domin ba ta kafe ba tukuna. Ki zaunar da ita kusa da ke, ba kusa da yayanta ba, ki ba ta duk abin da gida ke ci. Sai dai ki kula da shaƙewa, wannan ba abin wasa ba ne ga 'yan ƙasa da shekara biyar: inabi a tsaga shi gida huɗu ta tsawo, a cire ƙwallon dabino, karas a dafa ko a goga, gyaɗa a niƙa, kuma a ci a zaune. In kin ga fitsari ya yi ja bayan cin shamandar (bitrut), ko tafin hannu ya yi ɗorawa saboda yawan karas alhali farin ido yana nan fari, ba cuta ba ce.

Abin da ba zan iya yankewa daga nesa ba

Ban ga ɗanki ba, ban auna shi ba, kuma duk abin da na faɗa na yaro mai lafiya ne wanda girmansa ke tafiya daidai. Ki kai shi markaz sihhi, wato asibitin unguwa, ko wurin likitan yara idan nauyinsa ya tsaya ko yana raguwa, idan yana yawan kasala ko cikin fatar idonsa ya yi fari, idan yana cin ƙasa ko ƙanƙara, idan yana kakarin amai da ganin abinci ko taɓa shi, ko idan abincin da yake karɓa raguwa yake yi wata bayan wata. Haka nan idan ƙin abincin ya haɗu da jinkirin magana ko rashin haɗa ido, domin a irin wannan yanayin akwai ƙwararrun da ya kamata su duba shi, kuma tsawa ƙara dagula lamarin take yi.

Abu ɗaya kuma da ya shafe mu musamman. Akwai wani ƙarancin sinadari a jini da ake gado, G6PD, wanda a nan ake kira animiyal ful, kuma ana samun sa a tsakanin Larabawa da mutanenmu na Afirka, ya fi bayyana ga maza. Yaron da ke da shi, cin ful na iya farfasa masa ƙwayoyin jini, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi. In akwai mai shi a danginki ko dangin maigida, a yi gwajin kafin ki bi shawarata ta ful, kuma in kin ga waɗannan alamun ki tafi asibiti nan take. Ranar da za ki je ganin likita, ki tafi da katin rigakafinsa inda ake rubuta nauyi da tsayi, da takardar da kika rubuta duk abin da ya ci ya sha na kwana uku, har da jus da biskit ɗin baƙala.